Yadda Na Ƙarar da Luguden Inna

Da sauti biyu na Inna na shiga ƙasar Faransa, kuma ban san ina ɗauke da su ba sai da aka nemi in ba da. Ɗaya lugudenta ne. Ɗayan kuwa wata 'yar waƙa ce marar kalmomi da take yi baki rufe in tana tankaɗe. Ba a faifai suke ba, ba a waya ba, don wa zai tsaya ɗaukar daka a waya? A kaina kawai suke. Mai su ta rasu tun daminar da ta gabaci tashinmu daga ƙauyenmu na gefen Gangara, lokacin da daji ya gagari kowa muka tattara muka koma cikin Sabon Birni.

Na sauka da ƙarfin gwiwa, don a ganina ina jin Faransanci. Yo ba na yi shekaru ina raka kawuna sayo kaya a Maraɗi ba? Na iya ciniki, na iya gaida jandarma, na iya zagin direba. A tashar jirgin ƙasa na tsaya gaban tagar wata mata mai sayar da tikiti na zuba mata abin da na iya, ta saurare ni da haƙuri, sannan ta buɗe baki. Gaisuwar farko kaɗai na kama, sauran ya wuce ta kaina. Da ta ga na yi tsuru sai ta rubuta lambar layin jirgin a tafin hannunta ta nuna mini ta gilashi. Haka Faransancin Maraɗi ya sauke ni a bakin hanya tun ranar farko.

Garin da jirgin ya kai ni ƙarami ne, can arewa, inda ruwa ke sauka ba fushi ba tsawa, amma ba ya gajiya. Ɗakina yana can ƙuryar sama ƙarƙashin rufi, taga ɗaya ce, ita ma sama take kallo. Washegari na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi in ya sauka unguwa: na ƙulla kilishi a takarda na je gaida maƙwabta. Ƙofar farko ba a buɗe ba. A ta biyu wata tsohuwa ta leƙo, sarƙa na riƙe da ƙofar, ta tambaye ni me ya lalace. Na ce babu abin da ya lalace, gaisuwa na zo yi. Ta dubi kilishin, ta dube ni, ta ce ba ta saye. Na koma ɗaki na cinye shi ni kaɗai, yajin na sa ni hawaye, na kuwa bar shi a kan yajin ne.

Dillalin karatun da ya shirya mini tafiyar a Abuja ya rantse mini cewa injiniya za a ɗauke ni, zan ƙera na'urori da hannuna. Karatun lantarki na yi, maganar ta shige ni. Da na isa ɗakin binciken da aka tura ni sai na tarar takardata ta ce zan yi karatu, zan taimaka, kuma zan ba da kaina a gwada. Kan nawa na gaske ake nufi, wanda ke bisa wuyana. Na kira dillalin, lambarsa ta daina shiga, ba ta kuma sake shiga ba har yau.

Shugabar wurin, Madam Odil, doguwa ce mai furfura, tana tafiya kamar an kira ta da gaggawa, abincinta ma a tsaye take ci. Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali, da Ingilishi, ganin halin da Faransancina ke ciki. Ta ce akwai mutanen da ciwo ya shanye musu jiki gaba ɗaya, ba hannu, ba harshe, wasu ko ido ba sa iya juyawa yadda suke so, amma hankalinsu na nan garau. In mutum ya ji kiɗa a ransa, ba da kunne ba, ƙwaƙwalwarsa tana yin wani motsi da za a iya gani da na'ura. In na'urar ta koyi gane motsin, to mai ciwon zai iya cewa e ta hanyar tuna kiɗan kawai. Kafin a wahalar da marasa lafiya, sai an gwada a kan masu lafiya, kuma suna son wanda bai tashi da kiɗan Turawa a kunne ba.

Na ce a raina, kun samu, har ma kun wuce.

Wata hula ake sa mini don gwajin. Mai sa mini ita sunansa Karim, iyayensa 'yan Aljeriya ne amma shi a can aka haife shi. Hular ta roba ce, ta kama kai tsam, wayoyi sun fito mata ta ko'ina, kuma a ƙarƙashin kowace waya sai ya matsa wani abu mai yauƙi da sanyi kamar koko ya kwana. A gabana allon kwamfuta ne, baƙi, da ɗigo fari a tsakiya. Za a sa mini kiɗan fiyano a kunne, a kashe, sannan in maimaita shi a raina. In na yi daidai ɗigon zai tafi dama.

Ɗigon nan ya ƙi tafiya. Makonni muna abu ɗaya, yana zaune daram, wani lokaci ya ɗan girgiza kamar zai tashi sai ya fasa. Wata rana Karim ya juyo da nasa allon ya nuna mini layukan.

"Duba nan, ɗan'uwa. Abu yana farawa a kanka, da kyau ma. Sai nan take wani abu ya zo ya kashe shi. Me kake yi a daidai wurin nan?"

Da na gano, sai kunya ta kama ni. A gidan malami na tashi. Mahaifina bai yarda da kiɗa ba ko na biki, in makaɗa suka biyo ta ƙofarmu shiga ciki muke yi. Tun ina ƙarami aka koya mini cewa in waƙa ta maƙale a rai, a kore ta da istigfari. Na yi jami'a, na zauna da masu sa waƙa a waya dare da rana, amma ban taɓa barin ɗaya ta kwana a kaina ba. Ashe duk lokacin da fiyanon nan ya fara tashi, ni ne ke bin sa da astagfirullah ban sani ba. Da na gaya wa Karim, dariya ya yi har ya dafa tebur. Ya ce to in gwada da ƙira'a mana, ai tana da hawa da sauka. Na ce ba zan tura ɗigo da maganar Allah ba. Madam Odil ma ta ce abu mai kalmomi ba zai yi ba, wani ɓangaren ƙwaƙwalwa yake tayarwa.

A lokacin nan na san kaɗaici. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni, kawai dai ba a ganina. Sai in wuni in kwana ban buɗe baki da Hausa ba, har na fara yi wa tukunya magana in ina dafa taliya. Karim ne kaɗai ke tambayar yadda na kwana ya kuma tsaya jin amsa. Shi ya nuna mini alƙibla a ɗakin ajiyar kaya, tsakanin kwalaye. Da ya lura ina ɗauke numfashi in abin yauƙin nan ya taɓa fatar kaina, sai ya riƙa ɗora kwalbar a kan bututun ɗumama ɗaki kafin in iso. Bai taɓa faɗa mini ba, gani na yi.

Abin ya zo ne ranar da ba a neme shi ba. Tsakanin gwaji da gwaji akan ce in huta, kada in tuna komai. La'asar ta yi, yunwa na cina, hankalina ya sulale ya tafi gida. A irin wannan lokaci ne ake fara dakan tuwon dare a gidanmu.

"Me kake ji yanzu?" in ji Karim.

"Ba komai."

"Haliru, layukan nan ba sa ƙarya. Me kake ji?"

"Daka ne kawai."

Ya kirawo Madam Odil, ta zo da tuffa a hannu. Sai ga ni, hula a kai, wayoyi na reto, ina kwatanta wa Turawa lugude da sandar goge ƙasa. Na ce mata uku ne a kan turmi ɗaya: Inna, da Goggo Hajo ƙanwar mahaifina, da Dije, wata Bafulatana maƙwabciyarmu. Taɓarya uku, kowace na faɗawa a bayan 'yar'uwarta, ba mai karo da wata. In abin ya yi daɗi sai mace ta jefa taɓaryarta sama, ta tafa, ta cafe, ba tare da ta ɓata layi ba. Wani lokaci a bugi gefen turmi don a sauya murya.

"Wannan ai kiɗa ne," in ji Madam Odil.

Na ce, "A gidanmu abinci ne. Shi ya sa Malam bai hana ba, don ba ya iya hana tuwo."

Akwai abin da ban gaya musu ba, don ban ga amfaninsa gare su ba. Inna ta taɓa gocewa a kafaɗa wajen jan guga, tun kafin a haife ni, kafaɗar ba ta koma daidai ba. Saboda haka taɓaryarta takan makara kaɗan, ɗan jinkiri ƙanƙane, kamar ta tsaya jin ko ana kiranta. Sauran biyun sun saba, sukan bar mata wurin. Daga ƙarshen gonarmu, in iska ta kawo luguden, nakan san ko Inna na ciki ko ba ta ciki. Da jinkirin nan nake gane ta.

Ranar da aka koya wa na'urar luguden, ɗigon ya tashi ya tafi dama kamar dama can jira yake. Madam Odil ta ajiye tuffarta ta tafa. Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar. Kullum da safe a sa mini hula, in rufe baki, in tafi gida a raina. Ina jin ƙamshin gero, ina jin kaji na jiran tsaki, ina jin Dije na dariya. Har tausayin sauran ɗaliban nake ji, su da suke tura nasu ɗigon da waƙoƙin rediyo.

Sai dai na'ura tana da abin da take so. In bugun ya zo daidai wa daida, ɗigon yakan yi sauri, fitila koriya ta kama. In na bar wa Inna jinkirinta, yakan ɗan yi tangaɗi kafin ya tafi. Ba wanda ya ce in gyara. Amma mutum na son fitila koriya, balle wanda ba shi da mai yaba masa a duk faɗin ƙasar. A yini ɗaya sai in kira luguden sau ba adadi, gajere gajere, a fara in an ce fara, a tsaya in an ce tsaya. Kaji suka fara ɓacewa, ban kula ba. Dariyar Dije ta bi su.

Ranar Babbar Sallah na gane. A can ranar aiki ce kamar kowace, na roƙi hutun safiya na je idi a wani ɗakin wasanni da aka shimfiɗa wa darduma, na dawo ɗakina. Ba layya, ba hayaƙi, ba yara masu yawon barka da Sallah. Na zauna a bakin gado na ce bari in kira luguden don kaina, ba hula ba allo, in ɗan yi Sallah a gida.

Ya zo nan take, ai ya saba. Taɓarya uku, daidai wa daida, kamar injin niƙa. Kuma a bayan idona ga ɗigo fari yana tafiya dama.

Na nemi Inna a ciki ban same ta ba. Na sa jinkirin a bugu na farko, bai zauna ba. Na mai da shi na biyu, na mai da shi na uku, na tsawaita, na rage. Kowanne sai ya yi kama da gaskiya na ɗan lokaci, sannan in ji ni ne na ƙera shi. Na tsorata ƙwarai, tsoron da ban ji irinsa ba ko ranar da muka baro ƙauye da kaya a ka.

Na kira Goggo Hajo. A lokacin sai da layin Nijar ake samunsu, shi ma sai an fita bayan gida an ɗaga waya. Bayan mun yi barka da Sallah ta lissafa mini wanda ya yanka da wanda bai samu ba, sai na ce, "Goggo, in kuna lugude da Inna, wa ka hwara sakin taɓarya?"

"Mi kac ce?"

Na maimaita.

"Wace irin tambaya ta wagga ran Sallah? Haliru, lahiya kake? Ko wayoyin nan da aka sa ma sun taɓa ma kai?"

"Lahiya lau, Goggo. So nike in tuna."

"Mu da munka baro turmin can, ko an ƙone shi ko yana nan, Allah masani. Yanzu ga inji muka kai niƙa, kowa da robatai. Dije ko sun ƙetare da shanunsu, ba mu da labarinta. Tsaya in gwada ma."

Na ji ta jawo kwano, ta fara bugawa da tafin hannu. Bugu ne mai rai, mai sauri, har da 'yar guɗa a ƙarshe. Nata ne, na Goggo, na gane shi sarai.

"Hakanga taka yi, ko ba haka ba?"

"Haka na, Goggo."

"To ka gani. Ka ci abinci dai, ka bar yawan tunani."

Layin ya yanke kafin in yi mata sai an jima.

Na gaya wa Karim, don ba ni da wani. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce akwai dabara: abin da na'urar ta koya a makon farko yana nan a ajiye, tun luguden yana cikakke. Za mu ɗora mata wancan tsohon karatun, in riƙa gwada jinkirin wuri wuri, wanda ta amsa wa da ƙarfi shi ne na asali. Da tsakar rana, kowa ya tafi cin abinci, Karim ya bar nasa ya sa mini hula.

Na sa jinkirin a farko, ɗigon ya tafi dama. Na sa a tsakiya, ya tafi. Na sa a ƙarshe, ya tafi. Na cire shi gaba ɗaya, ya tafi har ya fi sauri. Karim ya daɗe yana duban allonsa kafin ya juyo.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Bugun take gani. Jinkirin nan ba ta taɓa saninsa ba, ko a ranar farko."

Ya cire mini hular da kansa, ya kawo tawul ya goge mini kai, abin da ba aikinsa ba ne. Na tafi gida a ƙasa cikin ruwa, ban hau bas ba.

Bayan 'yan makonni Madam Odil ta ce in raka ta wani gida a bayan gari, in ga abin da kaina ya taimaka aka gina. Wata dattijuwa ce kwance a gado kusa da taga, an gyara mata gashi, an sa mata hula irin tawa. Mijinta, Andire, tsohon direban jirgin ƙasa ne, gajere mai manyan hannuwa, shi ke yi mata komai. A lokacin kunnena ya fara buɗewa, ina kama yawancin maganarsu. Ya ce sautin da matarsa ta zaɓa shi ne kiɗan da suka yi rawa da shi ranar aurensu. In ta tuna shi, ɗigon ya tafi dama, wato e.

"Yanzu in na ji shi a rediyo, sai in ga na miƙe na ɗauko kofin ruwa," in ji shi, yana dariya.

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na ce ko zai tambayar mini ita abu ɗaya. Har yanzu tana jin kiɗan kamar yadda take jinsa da?

Ya sunkuya ya tambaye ta. Muka zuba wa allon ido. Ɗigon bai motsa ba.

Shi da kansa ya ƙara, a hankali, "Kina da-na-sani?"

Ɗigon bai motsa ba.

Ya miƙe yana murza hannuwansa. "Ka ga matsalar. In ta yi shiru, ban sani ba ko a'a take cewa, ko ta gaji, ko barci ya ɗauke ta. E kaɗai muke da shi. Ina son in ji a'a ɗinta, malam. Mace ce mai yawan a'a, da shi na aure ta."

A mota Madam Odil ta faɗi abin da na riga na hango. Mataki na gaba shi ne sauti na biyu, wanda zai kai ɗigon hagu. Bugu sun samu, yanzu suna son abu mai hawa da sauka, marar kalmomi, wanda ya zauna a kai tun yarinta, don na'ura ta bambanta su da kyau. Kaina ne ya fi ba su layuka masu tsabta. In an ci nasara za a tsawaita aikin, da takardar zamana a ciki. Ta ce ba dole, kuma na san da gaske take.

Ina da ita. Tun tana magana na ji 'yar waƙar tankaɗen nan ta matso, ban bari ta shigo ba. Inna ba ta taɓa yin ta gaban Malam ba, ba ta ma san ana ji ba. Takan zauna a inuwar rumbu, rariya a hannu, gari na sauka a faifai, sautin na fita ta hancinta ƙasa ƙasa. Ni kaɗai ke zama kusa da ita a lokacin.

Na yi kwanaki ina juya maganar. In tuna hannuwan Andire, in tuna inuwar rumbu. Na yi tunanin in rera ta a waya in ajiye kafin in ba da, sai na ga muryata ce zan ajiye, kuma da na ji ta da muryata sau ɗaya, ita za ta hau kan ta Inna ta zauna. Ba wanda zan yi shawara da shi. Goggo za ta ce wayoyi sun taɓa ni, Malam kuwa da yana raye cewa zai yi dama waƙa ce, a kore ta.

Ranar da aka sa, Karim ya ɗumama kwalbarsa, ya ɗauko hula. Na ce ya dakata. Na je ofishin Madam Odil na tsaya a ƙofa.

"Ina da sautin da kike nema. Na mahaifiyata ne, shi kaɗai ya rage mini. Ba zan ba da shi ba."

Na ba ta labarin luguden. Ta saurara har ƙarshe, ta ma zauna, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce haƙƙina ne, kuma ta yi baƙin ciki da ba ta hango haka ba. Sannan ta ƙara wata magana, da nufin ta sauƙaƙa mini, na tabbata.

"Amma ka sani, Haliru, ba na'urar ce ta cinye shi ba, yawan kiran ne. Duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake gina shi yake yi, ya mayar da sabon a wurin tsohon. Ko da hula ko ba hula. Na'urar sauri kawai ta sa."

Na yi mata godiya na fita.

Na koma kan fiyano, na yi iya ƙoƙarina, ɗigon na zuwa hagu yau ya ƙi gobe. Daga baya suka samu wata ɗaliba da kanta ke cike da waƙoƙin kakarta, aiki ya ci gaba da ita. Ni kuma na gama karatun da aka ɗauke ni dominsa, takardata ta ƙare, ba a sabunta ba. Ban sani ba ko matar Andire ta kai ga a'a ɗinta. Na so in tambayi Karim ranar da ya raka ni tasha ɗauke da jakata, sai na kasa, shi ma bai faɗa ba.

Yanzu ina Sabon Birni, ina haɗa wa mutane sola da gyaran injin ban ruwa. Gida ɗaya muke da Goggo Hajo, ta tsufa, ido ya fara yi mata nauyi, amma ba ta yarda kowa ya yi mata tankaɗe. In na ji ta ɗauko rariya nakan nemi abin yi a waje.

Kwanan baya ta rutsa ni. Na shigo ɗaukar kayan aiki, tana zaune gari na sauka a faifai, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Haliru, innarku na da wata 'yar waƙa da taka yi cikin hanci in tana wanga aiki. Kwana biyu ina biɗar ta, ta ɓace min. Kai ka tuna ta?"

Ashe ba ni kaɗai ke ji ba.

"Na tuna, Goggo."

"To yi min ita in jiya."

Na tsaya da filaya a hannu. Rariyar ta tsaya ita ma, tana jira.

"Ba yau ba, Goggo."

"Yaushe? Ni hwa ba yarinya ta ba."

Na ce za ni gyaran wani inji a bakin gulbi, ana jirana. Na fita na hau babur, na yi tafiya mai nisa kafin in tuna ban ɗauko sauran kayan ba.

Ina jin waƙar tana nan. Tun ranar da na fito daga ofishin Madam Odil ban duba ba.